Farin da Na Cike da Fenti

Ni na ɓata zanen. Da hannuna, da buroshi da shuɗin fenti, a rumfarmu ta bayan tashar Makarfi, da rana tsaka, ba wanda ya sa ni. Takarda ce da wani mutumin ƙasar Sin ya zana. Maigidana ya riƙe ta shekara da shekaru ba ko ɗigo a jikinta, ya bar mini amana, ni kuma na gama da ita tsakanin azahar da la'asar.

Sunana Shehu, ana ce mini Shehu Mai Fenti. Mutumin Likoro ne ni. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Sana'ata zanen bayan mota. Ina ba da labarin nan ne saboda ku samarin da ke shagon kwamfuta na bakin tasha, masu buga hoto a leda ku manna wa mota kafin direba ya gama cin abinci. Ɗayanku ya ce mini rannan, "Baba, ai aikinku ba wuya, shafe-shafe ne kawai." Ban tanka masa ba a lokacin. Yanzu zan tanka.

Motar farko da na taɓa, ba zane na yi mata ba, kankara na yi. Bodin katako ce mai ɗaukar rake, allon bayanta ya sha fenti hawa uku. Maigida Audu, mutumin Gazara, wanda ubana ya damƙa ni a hannunsa, ya miƙo mini samfefa da guntun ƙarfe ya ce, "Fid da tsohon fentin nan har ka ga naman katako." Kwana huɗu na yi a kanta. Yatsuna suka fashe. Da na ce na gama, ya zo ya rufe ido, ya bi allon da tafin hannu tun daga sama, ya tsaya a wani wuri da bai fi girman kwabo ba. Ya ce, "Nan fa, gadon ubanka ne da ka bar shi?" Na koma na ƙara wuni.

Shekara uku ina wannan. Kankara, cike ramuka da garin katako da gam, shafa farin ƙasa, wato farin fentin da ake fara shimfiɗawa, wanke buroshi da kananzir. In ka bar fenti ya kwana a gindin buroshi, ya mutu, kai ma ranar sai ka gwammace ka bi shi.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Manyan buroshi saye muke a Zariya, amma na layi, siririn, Maigida ne ke haɗa abinsa. Gashin bayan wuyan akuya yake yankowa, ya jera shi tsini ɗaya, ya ɗaure da zare, ya cusa a ƙashin gashin talotalo. Akwai sandar jingina, doguwa, mai ƙunshin tsumma a kai, ita kake dogarawa a jikin allo ka ɗora wuyan hannunka don kada layi ya yi rawa. Akwai zare da bula na fid da layi miƙaƙƙe. Launi biyar kawai muke saye, sauran a gwangwanin madara muke haɗawa. Da damina fenti ba ya bushewa, direba na tsaye a kanka yana zagi. Da bazara a bakin buroshi yake bushewa kafin ka kai shi allo. Rubutu ma zane ne a wurina. Na rubuta addu'o'i a goshin motoci masu yawa ban iya karanta ko ɗaya ba. Siffarsu na haddace, kamar yadda na haddace siffar doki.

Da na shiga sana'ar, abin da direbobi ke so shi ne zaki, da gaggafa, da jaruman fim ɗin Indiya riƙe da bindiga, kewaye da irin furannin da ke jikin kwanukan Sin na jeren mata. Sai aka shiga wani lokaci da wa'azi ya yi zafi a kan hoton abu mai rai. Masu motoci suka riƙa dawowa a kankare musu. Wani ya ce a bar masa zakin amma a shafe idon. Mu dai aikinmu ya soma tangal-tangal. Abin da ya cece mu dutse ne. Dutse ba shi da rai, ruwa ma haka, ba malamin da ya taɓa yin magana a kansu. Dutsen kuma daga takardar nan Maigida ya ɗauko shi.

A cikin bututun roba take, an toshe bakinsa biyu da tsumma, an soke shi a rufin rumfa. Tsawonta ya kai ƙofar ɗaki, faɗinta bai kai kamu biyu ba. Takardar kamar ɓawon albasa, an yi mata baki da yadi. Launi ɗaya ne a jikinta, baƙi, amma baƙin ya fi kala goma, daga na gawayi har wanda sai ka matso za ka gan shi. Can sama akwai dutse tsaye kamar an sare shi da gatari, da wata karkatacciyar bishiya da ta maƙale a gefensa, da ruwa mai gangarowa. Can ƙasa akwai gaɓa da 'yar bukka. Tsakaninsu, fiye da rabin takardar, ba komai. Fari fat. Sai ɗan jirgin ruwa guda, girman ƙwayar gyaɗa, shi kaɗai a tsakiyar farin. A gefe akwai layin rubutunsu a tsaye, da jan hatimi mai kusurwa huɗu a ƙarƙashi.

Maigida ya ce yana saurayi ya yi aiki a wata masaƙa a Kaduna, yana rubuta lamba a ƙofofi da durom. Akwai wani ɗan Sin mai gyaran inji da kan tsaya a bayansa lokacin hutu yana kallon hannunsa. Ba sa jin yaren juna. Ranar da zai koma ƙasarsu ya kira Maigida ya miƙa masa takardar da hannu biyu. Iyakar labarin ke nan.

Mu a rumfa mun daɗe da yanke hukunci: mutumin bai ƙarasa ba, aka kira shi gida. Na taɓa faɗa wa Maigida haka. Na ce, "Maigida, mutumin nan fa bai gama aikinsa ba." Ya ce, "Kai ka gama wanke buroshinka?"

Motar Alhaji Mudi na Dandamisa ita ce ta farko da aka yi wa dutsen. Sabuwar bodi ce, katakon har yana ƙamshi. Maigida ya rataye takardar a jikin ginshiƙi, ya yi kwana uku yana zanawa yadda take, baƙi da toka-toka a kan fari. Alhaji ya zo ɗaukar motarsa, ya zaga ta baya, ya tsaya riƙe da ƙugu.

"Audu, fentin ne ya ƙare?"

"Bai ƙare ba, Alhaji."

"To ciwo ka yi?"

"Lafiyata ƙalau, ranka ya daɗe. Haka zanen yake."

"Haka yake a ina?"

"A Sin."

"To ni motata Kano take zuwa, ba Sin ba. Allo guda na kawo maka, ka yi mini rabi. Ni in na bar rabin gonata ba shuka, Dandamisa kaf za a ce Mudi ya taɓu."

Direbobin da ke zaune a benci suka kwashe da dariya. Maigida bai yi ba. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya miƙo mini babban buroshi ya ce, "Cike masa." Shi kuma ya tafi masallaci.

Aikina na farko da buroshi ke nan. Na zuba shuɗin sama, na sa rana rawaya, na jawo kwalta daga gindin dutsen har ƙasa, na dasa dabino biyu. Alhaji ya dawo ya ce, "Yauwa. Yaron nan ya fi ka hankali, Audu." Ya ba ni tukwici a gaban kowa. Daga ranar aiki ya rabu biyu: Maigida ya yi dutse da bishiya da ruwa, ya ajiye buroshi, ni in cike sauran. Na ƙware. Ba na barin wurin da ƙuda zai sauka. In muka gama, Maigida ya kwaikwayi jan hatimin nan a kusurwar ƙasa. Direbobi suka sa masa suna hatimin Audu. Daga Makarfi zuwa Ikara zuwa Kudan, in ka bi bayan motar rake ko ta barkono, da wuya ba ka ga dutsenmu ba.

Ƙirji ne ya kashe Maigida. Yawancinmu shi ke kashe mu, warin fenti da kananzir. Ya aiko a kira ni Gazara wata safiya, ya ce in taho da bututun. Na same shi a zaure, an jingina shi da bango. Ya ɗora hannu a kan bututun ya tura mini.

"Ka riƙe. Kada ka ƙara masa komai."

Na ce, "Ko gyara, Maigida?"

"Ko ƙuda ka gani a kai, ka hura. Kada ka taɓa."

Bai faɗi dalili ba. Ni ma ban tambaya ba. A zamaninmu ba a tambayar maigida dalili. Yanzu ina ganin ko na tambaya ba lalle yana da maganar da zai faɗa ba. Idonsa ya gane abin, bakinsa bai samu ba.

Na riƙe rumfar, na riƙe bututun, shekaru. Sai muguwar shekarar ta zo. Abu uku ne suka haɗu. Ruwa ya ci rake a fadamu, masu motoci ba su samu lodi ba. Bodin katako ta soma ƙarewa, ana sayen ta ƙarfe. Sannan injin buga hoto a leda ya sauka Zariya. Wata biyar ba motar da ta juya baya ta shigo rumfata. Abokan aikina biyu suka watse, ɗaya ya koma acaɓa, ɗaya ya koma gona. Ni na zauna. Kullum in buɗe gwangwanaye in motsa fenti don kada ya daskare, in rufe.

A cikin zaman nan ne wani mutumin Kudan da ya yi sabon gida ya zo yana neman hoton da zai rataya a falo. Na sauko da takardar na nuna masa, don ya ga irin abin da zan iya yi masa a katako. Ya duba ya ce, "Kai, wannan da cikakke ne da ya yi kyau." Ya tafi. Bai ce in yi ba. Bai ce zai saya ba.

Kwana biyu maganar tana kaina. Na ce a raina, ɗan Sin bai gama ba, Maigida bai iya cikewa ba, ni ne na iya. Duk ƙasar nan ba wanda ya fi ni. Na tuna abin da Maigida ya ce a zaure, na ce ai tsoron mai ɓatawa yake, ba ni ba. Bayan azahar na shimfiɗa ta a kan tebur, na danne kusurwoyin da duwatsu. Shuɗin sama. Rana rawaya. Kwalta, da mota ɗauke da rake a kanta. Dabino biyu. Ɗan jirgin ya shige ƙarƙashin kwalta. Hannuna bai yi rawa ba ko sau ɗaya.

Kafin la'asar takardar ta soma tattarewa. Man fentin ya ratsa ta, ya yi zobe ruwan ƙasa ya bi gefe har ya taɓa gindin dutsen. Bayan mako mutumin Kudan ya biyo, na nuna masa. Ya ce, "Wannan ai irin na bayan mota ne." Ya tafi Zariya aka buga masa na leda. Na naɗe ta na mayar bututu. Har a lokacin, abin da na ɗauka shi ne fentin ne bai dace da takarda ba. Iyakar kuskuren da na gani ke nan.

Damina biyu da suka wuce, wata ƙaramar mota ta tsaya a bakin rumfata. Mace ce ta fito, mai tabarau, da jaka a kafaɗa, shekarunta ba za su wuce na babbar 'yata ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi gida, ta tambayi iyali, ta tambayi jiki da aiki da ruwan bana, ba ta yi gaggawa ba. Sannan ta ce sunanta Dakta Rabi, tana koyarwa a jami'a a Zariya. Ta yi karatu a ƙasar Sin. Aikinta nazarin zanen mutanen can, tun daga na tawada na dā har na kwamfuta na yanzu. Ni ban san ana biyan mutum albashi don ya kalli hoto ba. Na faɗa mata. Ta yi dariya ta ce, "Mahaifina ma har ya rasu bai yarda ba."

Ta buɗe waya ta nuna mini hotuna. Motocinmu ne, tsofaffi, wasu a kan duwatsu a bayan gareji, kaji na kwana a ƙarƙashi. Ta ce ta fara ganin dutsen a bayan wata mota a kan hanyar Hunƙuyi, ta bi ta har ta tsaya. Daga direba zuwa direba aka turo ta wurina.

"Baba, wannan dutsen ba na ƙasarmu ba ne. Yadda aka sare gefensa, da bishiyar nan, hannun can ne. Wanda ya fara zana shi ya ga wani abu da idonsa. Abin yana nan?"

Na ce yana nan. Na hau benci na sauko da bututun, ina jin kaina.

Ta sa aka share tabarma. Ta wanke hannu ta goge sosai. Muka warware daga sama. Dutsen ya fito, na ji ta ja numfashi. Bishiyar ta fito. Sai shuɗi. Ta ci gaba da warwarewa a hankali har ƙasa, ta zauna a kan dugaduganta.

"Baba, wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Me ke wurin kafin nan?"

"Ba komai. Fari ne kawai."

Ta ce, "Shi na zo gani."

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini. Ta sa yatsa kusa da rubutun, ba ta taɓa ba, ta karanta. Ta ce mutumin ya rubuta cewa kogin garinsu ne, ya zana shi da ka yana baƙon wuri, a ƙasa mai nisa. Wato a Kaduna ya yi shi. Ta ce farin nan ruwa ne, da hazon safiya da ke kwanciya a kan ruwa. Na san abin. Shi ne ke rufe fadamar Gazara da sassafe bayan an kwana ana ruwa, ka ga kan giginya ba ka ga gindinta ba. Ta ce a wurinsu mai zane yana fara auna wurin da zai bari kafin wurin da zai taɓa, kuma mutum kan yi shekaru yana koyon inda zai ɗaga hannu.

Na ce, "Malama, mu ce muke bai gama ba."

Ta nuna jan hatimin. "Wannan sunansa ne, Baba. Sai an gama ake buga shi."

Hatimin da na kwaikwaya a bayan motoci shekara da shekaru. Kullum yana gabana.

Na tambaye ta ko abu ne mai tsada. Ta ce a'a, mutumin ba sananne ba ne, mai gyaran inji ne da ya iya hannu. Amma ita ba ta taɓa jin wani irinsa da aka zana a ƙasar nan ba, har ya haifi 'ya'ya a bayan motoci. Na tambaye ta ko fentin zai fita. Ta ce man ya riga ya ci takardar. Ta ɗaga ta wajen rana ta duba ta baya. Ɗan jirgin yana nan a ƙarƙashin kwalta, kamar ƙwaro a cikin gam, ba a gane gabansa da bayansa.

Kafin ta tafi ta buɗe kwamfutarta ta nuna mini wani abu, kuma don ku nake faɗar wannan. Wani babban ɗaki ne a wani birni can, bangonsa duk haske. Dutsen tawada ne a jikin bangon, amma yana motsi, hazo na tafiya, mutane na yawo a ciki. Ta ce samari ne irinku suka yi da inji. Na duba da kyau. Fiye da rabin bangon fari ne. Injinsu ya fi naku, launin duniya duk yana cikinsa, suka bari. Ku kuma na ga abin da kuke bugawa. Kamar nawa ne. Ba wurin da ƙuda zai sauka.

Ta dawo bayan wata guda da farar takarda da tawada, ta ce in zana mata shi yadda yake tun asali, don ta sa a littafinta. Na yi dutsen kafin shayinta ya huce. Na yi bishiyar, na yi ruwan, na yi bukkar. Ko ido rufe zan yi su. Sai ta ce, "To farin fa, Baba, daga ina ya fara? Gindin dutsen a ina ya ɓace? Jirgin ta hagu yake fuskanta ko ta dama?"

Na riƙe buroshi a sama. Ban sani ba. Na fi shekara talatin ina kallon takardar nan, ban taɓa kallon wurin ba. Jira kawai nake Maigida ya matsa in cike. Mutum biyu ne suka san yadda yake, ɗaya yana maƙabartar Gazara, ɗaya ban san ko sunansa ba sai da ta karanta mini.

Ta nemi in ba ta takardar a adana a jami'a. Na ce a'a, amana ce, ko da na ci rabinta. Ta ɗauki hotonta gaba da baya. Ta ce za ta rubuta abin da ya faru, in ina so ta ɓoye sunana. Na ce ta rubuta shi.

Yanzu ina Ikara, kusa da gidan 'yata, a wata 'yar rumfa a gefen tasha. Ƙofofin ƙarfe nake shafawa, da allunan Islamiyya, da lambar gidaje. Ƙirjin ya soma. Hannu yana rawa, sai da sandar jingina. Bututun yana soke a rufi. A bakin rumfar na jingine wani falankin katako, na yi masa farin ƙasa, na zana dutsen a sama da bukkar a ƙasa, na buga jan hatimi. Na san ba daidai inda ɗan Sin ya tsaya na tsaya ba. Jirgin ma ban sa ba, tunda ban san inda ya dosa ba. Kullum sai wani ya tsaya ya ce, "Baba Shehu, yaushe za a ƙarasa wannan?" Ina ce masa an gama.